Yadda Ake Zaɓen Firam Mai Sauƙin Kuɗi Don Haɗa Ƙaramin Jirgi Maras Matuƙi

Kusan duk wanda ya zo wurina da niyyar haɗa jirginsa na farko, da hoto yake zuwa a waya. Ya ga wani firam baƙi sumul a shagon intanet na AliExpress, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, sai ya miƙo mini ya ce, "Malam, wannan ya yi?" Ni kuwa tambaya nake mayar masa: idan hannu ɗaya ya karye ranar Asabar da yamma, yaushe za ka sake tashi? Jirgin mai koyo faɗuwa yake yi, ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba. Mu kuma da muke nan, babu shagon da za ka leƙa a bayan layi ka sayo hannun firam. Sai ka yi oda daga Sin ka zauna jiran makonni. Saboda haka firam mai araha a wurina shi ne wanda za ka iya gyarawa da abin da ke cikin jakarka, ko da ya ɗara wani tsada ranar saye.

Firam shi ne ƙashin jirgin. A kansa ake ɗaure injunan da ke juya farfela, da ƙwaƙwalwar jirgin, da allon ESC mai raba wa injuna wuta, da kyamara, da batir. Ba ya cin wuta, ba ya ƙonewa, amma shi ke yanke hukuncin girman duk sauran kayan da za ka saya. Idan ka yi kuskure a kansa, kuskuren zai bi ka har kan batir.

Kayan da za ka tanada

Kafin saye ba ka buƙatar komai sai takarda da biro da rula mai milimita. Bayan kaya sun iso ne za ka nemi waɗannan:

- Alanki guda uku: mai milimita 1.5, da 2, da 2.5. Sayi masu kyau, domin alanki mai taushi shi ke cinye kan noti.
- Mita irin ta masu gyaran rediyo da waya, mai yin ƙara idan wuta ta ratsa.
- Kalifa, wato ma'aunin nan mai baki da ake auna kaurin abu da shi. In babu, rular ƙarfe ta wadatar, sai dai ka sa ido sosai.
- Ƙaramin sikeli mai auna giram. Na masu sayar da zinariya ko na kicin duk suna yi.
- Samfefa mai laushi, da ƙaramin magagari, da roba ɗaya ta ruwa.
- Sufa gulu, baƙin tef na masu wayarin, da ruwan riƙe noti mai launin shuɗi, irin na Loctite.
- Falle ɗaya na gilashi ko tayil mai santsi.
- Takunkumin rufe hanci.

Mataki na 1: Ka san inda za ka tashe shi

Wannan ba maganar firam ba ce kai tsaye, amma ita ke gaba. A Najeriya, tun 2016 hukumar kula da sufurin jiragen sama ta NCAA ta ce ba a tashin jirgi maras matuƙi sai da izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. A farkon 2025 kuma sojoji sun hana tashinsu a arewa maso gabas. Kada ka ɗauki wannan da wasa, musamman a yanayin da muke ciki. Ka bincika ƙa'idar inda kake, ka nisanci bariki da filin jirgi da taron jama'a. A Amurka da Turai giram 250 ne iyakar da dokoki suke fara tsananta, shi ya sa kasuwa ta cika da ƙananan firam da aka ƙera don jirgi ya tsaya ƙasa da wannan nauyi. Mu ma mun amfana, domin ƙaramin jirgi ba ya tara maka jama'a kuma ɓarnarsa kaɗan ce.

Rubuta a takardarka: cikin gida zan tashe shi, ko tsakar gida, ko filin ƙwallo, ko gona?

Mataki na 2: Farfela ce ke zaɓar firam

Lambar da ake rubutawa a sunan firam, kamar 450 ko 220, tsawo ne a milimita daga tsakiyar inji ɗaya zuwa tsakiyar injin da ke kallonsa ta kusurwa. Ba faɗin jirgin ba ne. Masu sayarwa na yanzu sun fi kiran firam da girman farfelar da yake ɗauka, su ce mai inci 3, mai inci 5, mai inci 7. Inci ɗaya milimita 25.4 ne, don haka farfela mai inci 5 tana share da'ira mai faɗin milimita 127, mai inci 10 kuma 254.

Ga lissafin da nake yi idan talla ba ta faɗi girman farfela ba. In injuna huɗun suna zaune a kusurwoyin murabba'i, raba lambar firam da 1.414, za ka sami tazarar da ke tsakanin injuna biyu maƙwabta. Firam 450 yana ba da kusan 318. Cire 254, saura 64, ka ga farfela mai inci 10 ta sami wurin juyawa. Firam 220 yana ba da kusan 156, cire 127, saura wajen 29. Amma ka duba hoton da kyau, domin wani lokaci farfela ba 'yar'uwarta take bugu ba, jikin tsakiya take tsinka ko wayar batir.

Ajin da mai farawa zai duba huɗu ne, kuma ba daidai nake ganinsu ba.

Na farko su ne 'yan mitsi-mitsin nan masu milimita 65 ko 75, waɗanda farfelarsu ke cikin zoben roba. Firam ɗinsu roba ce zalla, nauyinsa 'yan giram kaɗan, kuɗinsa kuma ƙalilan. Na cikin ɗaki ne. Iska kaɗan ta tsakar gida tana kwashe su.

Na biyu mai inci 3 zuwa 3.5, tsawonsa tsakanin 140 da 160 ko kusa da haka. Idan aka tambaye ni, wannan nake nuna wa wanda yake son koyon tuƙi a waje. Ba shi da nauyi, don haka idan ya faɗi ba ya karya kansa da kansa. Batirinsa ƙarami ne, farfelarsa ma haka, asarar kowace faɗuwa kaɗan ce.

Na uku mai inci 5, tsakanin 210 da 230. Shi ne ya fi yawa a duniya, kayansa sun fi samuwa, bayaninsa ya cika intanet. Misalin da aka fi sani a cikin masu araha shi ne Source One na kamfanin Team BlackSheep, wanda ya fito a 2018, mai tsawon 226. Zanensa a buɗe yake ga kowa, shi ya sa masana'antu da dama suke yanka shi, hannuwansa da 'yan kayan robarsa ba sa wahalar samu. Sai dai ka sani jirgi mai inci 5 da batirinsa yana haura rabin kilo, yana gudu fiye da yadda kake zato, kuma farfelarsa tana yanka nama har ƙashi. Na fili ne mai faɗi, babu yara, babu dabbobi.

Na huɗu shi ne babban nan mai hannuwa ja da fari da ɗaliban injiniya suka fi sani, F450. Asalinsa na kamfanin DJI ne, ana kiransa Flame Wheel, kwaikwayonsa kuma ya cika kasuwa. Nauyin firam ɗin kusan giram 280, yana ɗaukar injuna masu lambar girma 2212 da farfela mai inci 8 zuwa 10. Farantinsa na ƙasa yana da layukan tagulla da ake lika wayoyin wuta kai tsaye. In burinka ka koyi manhajojin sarrafa jirgi irin ArduPilot ko INAV, ka sa GPS, jirgi ya tsaya cak a sama ya ɗauki hoton gona, ko kana aikin kammala makaranta, wannan ne naka. Wuri yana da yawa a kansa, hannun mai koyo yana shiga ko'ina. Ba na wasan juyi a sama ba ne.

Zaɓi ɗaya. Kada ka ce za ka sayi firam da zai yi maka duka, babu shi.

Mataki na 3: Ramukan noti

Nan ne mutane suka fi asarar kuɗi, kuma nan ne ya fi sauƙin kaucewa. Kowane abu da za ka ɗaure a firam yana da tazarar ramuka tasa, kuma milimita ɗaya ta isa ta hana shi zama. Ka ja layi a takardarka gida biyu, hagu abin da kayanka suke da shi, dama abin da firam yake da shi, sai sun yi daidai layi bayan layi.

Ƙwaƙwalwa da ESC suna zuwa da tazara uku da aka fi sani. Akwai 30.5 da 30.5 da notin M3 (mai kaurin milimita 3), wadda ita ce ta manyan jirage masu inci 5 zuwa sama. Akwai 20 da 20 ta matsakaita. Akwai 25.5 da 25.5 da notin M2, ta allon nan da ya haɗa ƙwaƙwalwa da ESC wuri guda, wanda ake sa wa ƙananan jirage. Waɗannan lambobi gefen murabba'i ne, wato daga rami zuwa ramin da ke kusa da shi. Firam mai kyau yakan zo da tazara biyu ko uku a faranti ɗaya. Fifita irin wannan, domin ranar da allonka ya ƙone ba lallai ka sami irinsa ba.

Injuna kuwa ana auna nasu ne daga rami zuwa ramin da ke kallonsa, ta tsakiyar inji. Wannan bambancin ya rikita mutane da yawa da suka ɗora rula a gefe suka ga lissafi bai fita ba. Injuna 2207 da 2306 na jirgi mai inci 5 suna da 16 da 16, notin M3. Injin 2212 na F450 yana da 16 da 19. Manya irin 2807 na jirgi mai inci 7 suna da 19 da 19. Ƙanana irin 1404 suna amfani da notin M2, wasu tazarar 9, wasu 12, don haka a wannan ajin kada ka yi zato, karanta takardar injin da kake saye. Firam da aka yi wa dogayen ramuka a bakin hannu yana karɓar tazara fiye da ɗaya.

Sai kyamara. Faɗinta ake dubawa: 14 ga 'yar ƙarama, 19 ga wadda ta fi yawa yanzu, 28 ga tsohuwar babba. Kyamarar DJI O3 faɗinta 20 ne, kuma wannan milimita ɗayan da ta ɗara 19 ya hana ta shiga firam da yawa. Ƙaramar kyamara tana zama a babban gurbi idan ka cike gefe da wasa, wato ɗan zoben da ake sa wa noti, ko 'yar roba. Babba ba ta shiga ƙaramin gurbi sai da sassaƙa, sassaƙar kuma tana raunana gaban jirgi, wurin da ya fi shan duka.

Abu na ƙarshe shi ne tsayin ginshiƙan da ke tsakanin farantin ƙasa da na sama. Masu tsere suna son gajere. Kai mai koyo nemi milimita 25 zuwa 30, don alluna biyu su zauna da sarari, iska ta ratsa. A zafin Maris da Afrilu irin namu, allon da aka matse ba ya daɗewa.

Gargaɗi a kan tsofaffin firam irin ZMR250 da kwaikwayon QAV250. Har yanzu ana sayar da su da arha sosai, amma an zana su ne fiye da shekaru goma da suka wuce don kayan wancan zamani. Za ka sha wahalar zaunar da kyamarar yau a cikinsu.

Mataki na 4: Da me aka yi shi

Kabon, wato baƙin falle mai tauri da ake yi da zaren kabon da gam, shi ne sarki a wannan sana'a, saboda ba shi da nauyi kuma ba ya lanƙwasa. Rashin lanƙwasar nan tana da muhimmanci fiye da yadda mai farawa yake tsammani. A cikin ƙwaƙwalwar jirgi akwai na'urar da ke jin motsi sau dubbai a daƙiƙa ɗaya. Idan hannun firam yana karkarwa, sai ta ɗauka jirgin ne yake motsi, ta umarci injuna su gyara abin da bai ɓaci ba. Sakamakon shi ne injuna su yi zafi, hoto ya riƙa rawa, batir ya ƙare da wuri. Za ka kwana kana juya lambobi a Betaflight, manhajar saita ƙwaƙwalwar jirgi, alhali ciwon yana jikin firam.

Kabon yana da halaye uku da dole ka riƙe. Yana ɗaukar wutar lantarki, don haka duk wayar da ta fige ta taɓa shi ta jawo gobara. Yana tare siginar rediyo, don haka eriya a waje take zama, ba a cikin ciki ba. Ƙurarsa kuma tana cutar da huhu.

Akwai kuma algus. Wasu masu yankan firam mai arha suna sa faiba, wato fallen zaren gilashi, a tsakiya, su rufe sama da ƙasa da fallen kabon siriri. A hoto ba za ka gane ba. Zan faɗi yadda ake kama shi idan kaya sun iso, amma tun a talla akwai alama: idan kuɗin ya yi ƙasa ƙwarai da na sauran masu girmansa, kuma ba a rubuta kaurin hannu da nauyi ba, wuce shi.

Hannuwan F450 na roba ne mai ƙarfi da aka cakuɗa da zaren gilashi. Na kwaikwayo sun bambanta sosai, wasu suna lanƙwasa da hannu, wasu kuma suna ɓallewa kamar busasshen kara a faɗuwar farko. Kada ka bar su a rana ko cikin mota a rufe. Haka ma firam da aka buga da injin ɗab'i na 3D da robar PLA: tana fara laushi a wajen digiri 60, zafin da cikin mota a rufe yake iya kaiwa a Sakkwato ko Maiduguri. Robar TPU mai taushi tana da kyau wajen riƙe eriya da kare bakin hannu, amma ba a yin ƙashin jirgi da ita.

Mataki na 5: Hannuwa

Firam iri biyu ne ta wannan fuska. Akwai wanda aka yanka farantin ƙasa da hannuwa huɗu daga falle ɗaya. Ya fi sauƙin haɗawa, ya fi rashin nauyi, amma hannu ɗaya ya karye, sai ka kwance jirgin gaba ɗaya ka sauya farantin. Akwai kuma mai hannuwa daban-daban da ake ɗaurewa da noti biyu ko uku. A jirgi mai inci 5 zuwa sama, mai hannuwa daban nake ba da shawara ba tare da wani kokwanto ba. A mai inci 3, falle ɗaya ba laifi, tunda rashin nauyinsa yana kare shi, in dai za ka sayi farantin ƙasa na biyu ka ajiye.

Kauri: mai inci 5 kada hannunsa ya gaza milimita 5, in ya kai 6 ya fi. Mai milimita 4 yana tashi, amma ƙasarmu ta rani tauri gare ta kamar siminti, ba ciyawar da kake gani a bidiyon Turawa ba ce. Mai inci 3 yana son 3 zuwa 4. Farantin sama milimita 2 ya isa. Duba kuma ko bakin hannu ya ɗan zarce gindin inji, domin wannan ɗan tsinin shi ke karɓar duka a madadin injin, inji kuwa ya fi hannu tsada.

Ka lura ko hannuwa huɗun iri ɗaya ne. A wasu firam na gaba daban, na baya daban, musamman wanda aka buɗe hannuwansa na gaba don farfela ta fita daga hoton kyamara. Irin wannan yana tilasta maka ajiye kayan gyara iri biyu. Mai siffar X sosai, wanda kowane hannu yake shiga kowane gurbi, shi ne abokin mai ƙaramin ƙarfi.

Mataki na 6: Yin oda

Kada ka tsaya a hoton mai kaya. Gangara ƙasa ka duba hotunan da masu saye suka ɗora, ka karanta koken waɗanda suka ba da tauraro ɗaya ko biyu. Idan mutum uku sun ce ramuka ba su daidaita ba, gaskiya suka faɗa. Sannan ka rubuta sunan firam ɗin ka nemi hannunsa shi kaɗai. In ba ka samu ana sayarwa ba, bar firam ɗin komai kyansa.

A oda ɗaya ka haɗa firam da hannuwa biyu na ajiya, da ƙunshin notin M3 masu tsayi daban-daban daga 6 zuwa 12, ko M2 in ƙaramin jirgi ne, da maɗaurin batir biyu. Idan firam ɗin yana da arha sosai, sau da yawa sayen guda biyu ya fi sayen hannuwa daban riba, tunda ka sami faranti da ginshiƙai da noti na ajiya gaba ɗaya. Nauyi ma ka duba: firam mai inci 5 yakan kasance tsakanin giram 100 da 130. Wanda ya haura haka da yawa zai ci maka lokacin tashi.

Mataki na 7: Binciken kaya ranar da suka iso

Kada ka ɗaura komai tukuna. Zazzage ƙunshin a kan farin ƙyalle, ka ƙirga noti, ka ɗauki hoto, domin in akwai matsala da hoton za ka nemi haƙƙinka.

Ɗora kowane hannu da faranti a kan gilashi, ka danna kusurwoyinsa. In yana rawa, a karkace yake, kuma injin da ke kansa zai zauna a karkace. Auna kauri da kalifa ka gwada da abin da aka rubuta. Kama hannu da hannayenka biyu ka murɗa kamar mai matse wanki: kabon na gaske mai milimita 5 da ƙyar zai motsa. Riƙe shi da yatsu biyu ka ƙwanƙwasa da alanki. Lafiyayye yana ba da ƙara tsantsa, wanda fallayensa suka rabu a ciki kuma ƙararsa a dushe take.

Sai gwajin algus. Dubi gefen da aka yanka a cikin haske. Kabon zalla layuka ne siraran baƙaƙe masu ɗan ƙyalli tun daga sama har ƙasa. In ka ga tsakiya ta bambanta, ta yi fari-fari ko baƙi maras ƙyalli, akwai zargi. Sa mita a wurin ƙara, ka dafa tsinkayenta biyu a tsakiyar kaurin gefen, ba a saman da aka shafe da gam ba. Kabon yana sa mita ta nuna wuta na ratsawa, faiba ba ta yi. Na taɓa karɓar irin wannan daga wani mai kaya. Ban jefar ba, na haɗa shi da tsofaffin injuna don koyar da yara ɗaurin noti, amma ban ɗora masa kaya masu tsada ba, kai ma kada ka ɗora.

Mataki na 8: Gyaran baki da gwajin haɗi

Gefen kabon da aka yanka da inji kaifi gare shi, yana cin wayar inji da maɗaurin batir a hankali. Sa takunkumi, ka tsoma hannun a robar ruwa, ka goge gefunan da samfefa a cikin ruwan don ƙura kada ta tashi. Kaifin kawai za ka kashe, ba siffa za ka sauya ba. Ka fi ba da ƙarfi a inda waya da maɗauri za su bi. Shanya shi ya bushe sarai, sannan ka zizara sufa gulu siriri a bakin hannuwa, yana hana fallayen buɗewa idan sun daki ƙasa. Ruwan da ka yi aiki da shi a zubar a rami, kada dabba ta sha.

Yanzu haɗa firam ɗin shi kaɗai, babu waya, babu allo. Sa dukkan noti a sassauce tukuna, sai kowanne ya kama hanyarsa sannan ka bi su ka ɗaure. In rami ya ƙi, buɗe shi kaɗan da magagari, kada ka tilasta noti. Bayan ɗauri, girgiza kowane hannu. Ko ɗan motsi kaɗan a gindinsa zai zama karkarwa a sama. Auna kusurwa zuwa kusurwa ta ɓangarorin biyu, dole su zo daidai.

Ga kuskuren da ya fi kowanne ƙona injuna: notin inji mai tsayi. Noti yana ratsa hannu ya shiga gindin inji, a saman ramin kuma akwai naɗin wayar tagulla. In ya yi tsawo sai ya taɓa tagullar, wuta ta bi ta noti ta shiga kabon. Ƙa'idar da nake bi ita ce kaurin hannu a ƙara milimita 2, in gindin injin mai kauri ne 3. Hannu mai 5 yana son noti mai 7 ko 8. Notin da ya zo a kwalin inji ba lallai ya dace da firam ɗinka ba. Bayan ka ɗaure, leƙa ta gefe ka ga sarari tsakanin bakin noti da tagulla, sannan ka sa mita, tsinke ɗaya a kan noti, ɗaya a bakin wayar inji. Ƙara ta tashi, kwance ka sa gajere ko ka ƙara wasa.

Ruwan riƙe noti ɗigo ɗaya ya isa, kuma inda ƙarfe ya shiga ƙarfe kawai. Kada ya taɓa roba, yana sa wasu robobi su tsattsage. Mai launin ja kuma kada ka saya, ba ya kwantuwa sai da wuta. In babu shuɗin, ɗan jan farce a kan zaren noti yana riƙewa na ɗan lokaci, sai ka riƙa bin notin da alanki kafin kowane tashi.

In noti ya ɓace, je wurin masu gyaran kwamfuta. Notin da ke riƙe tsohuwar na'urar faifan CD a kwamfutar tebur M3 ne, kwamfutar cinya kuma cike take da M2 da M2.5. Amma na jikin akwatin da na babbar ma'ajiyar bayanai (hard disk) zarensu na inci ne, yana kama da M3 a ido, yana kuma lalata rami. Mai F450 ya tuna cewa hannuwansa da M2.5 ake ɗaure su a faranti, injuna kuma da M3.

Daga nan ɗora kayan a wurarensu ba tare da lika waya ba, ka ɗaure batir, ka ɗaga jirgin da yatsu biyu a daidai inda layukan kusurwa suka haɗu. In ya rinjaya gaba ko baya, matsar da batir har ya daidaita, ka yi wa wurin alama da tef. Duk wannan aikin babu farfela a jiki. Farfela ita ce ta ƙarshen hawa, a fili, ba a ɗaki ba.

Mataki na 9: Idan firam bai samu ba

Wanda yake da injuna 2212 da farfela mai inci 10 ba sai ya jira jirgin Sin ba. Kafinta na unguwa zai iya fitar maka da sanduna huɗu na busasshen katako maras gaɓa, murabba'i mai milimita 12, da faranti biyu na filawud mai milimita 3. Katako yana shanye karkarwa fiye da alminiyam, ba ya ɗaukar wuta, ba ya tare sigina, in ya karye kuma sabon hannu aikin rabin awa ne. Zana murabba'i a kwali wanda kusurwa zuwa kusurwarsa ya kai 450, ka jera sandunan a kai, ka matse su tsakanin farantan biyu da noti biyu-biyu. Yanka 'yan ƙananan filawud ka huda musu 16 da 19 don zaman injuna, tare da rami a tsakiya don ƙarfen inji ya juya bai goga ba. Auna sandunan a sikeli, ka zaɓi huɗu masu nauyi kusan ɗaya.

Bututun alminiyam mai kusurwa huɗu na masu haɗa taga shi ma yana yi, sai dai idan ya faɗi lanƙwashewa yake yi, kuma wanda aka miƙe ba ya komawa daidai. Bututun ruwa na roba kuwa nauyi gare shi kuma yana lilo, ban ga wanda ya ji daɗinsa ba. Jirgi mai inci 5 ko ƙasa da haka kada ka yi masa firam na katako, ƙarfin injunansa ya fi abin da siririn katako zai riƙe.

Ko wanne ka yi, auna jirgin gaba ɗaya da batirinsa a sikeli, ka duba takardar injunanka ka tara ƙarfin ɗagawar guda huɗun. Jimlar ta ninka nauyin jirgin sau biyu aƙalla. In ba ta kai ba, rage nauyi daga ƙafafu da faranti kafin ka fita da shi fili.